Ƙarfin duka daga ƙasa yake tasowa: amsa ga wani malamin wasanni a Kaduna

Tambayar ta zo ne daga wani malamin wasanni na wata sakandare da ke Tudun Wada, wanda yake horar da ɗalibai ƙwallon raga, kuma a ƙarshen mako yana raka 'yan mata biyu daga cikin ɗalibansa filin tanis na Dandalin Murtala. Ya ce yaransa suna tsalle sosai amma dukansu ba shi da nauyi, uku daga cikinsu suna kukan ciwon gwiwa, ɗaya daga cikin 'yan tanis ɗin kuma kafaɗarta tana damunta duk ranar da ta yawaita sabis, wato dukan da ake fara wasa da shi. An ba shi shawara ya sa su ɗaga ƙarfe domin damatsansu su yi ƙwari. Yana so ya san ko shawarar tana kan hanya, kuma ko nazarin motsin jiki da ake yi wa manyan 'yan wasa a ƙasashen waje yana da wani amfani ga mai horarwar da bai mallaki komai ba sai usur da wayar hannu.

Malam, wanda ya ba ka shawarar ɗaga ƙarfe ya hangi wurin da ciwon ya bayyana, amma bai hangi wurin da ya samo asali ba. A dukan saman raga, wato wanda ɗan ƙwallon raga yake yi bayan ya yi tsalle, da kuma sabis na tanis, hannu shi ne gaɓa ta ƙarshe da ƙarfi yake bi kafin ya isa ga ƙwallo, kuma mafi yawan wannan ƙarfin an riga an tara shi tun kafin hannun ya motsa. Ka tuna yadda ɗan dambe yake sakin hannun da aka naɗe masa: yana kafa ƙafa, ya murɗa ƙugu, ƙirji ya biyo baya, sannan dunƙulen ya iso daga ƙarshe. Da zai tsaya ƙiƙam ya kai naushi da damtse kaɗai, ko ƙaramin yaro ba zai kayar ba. Masana motsin jiki suna kiran wannan tsari sarƙar ƙarfi, wato ƙafa ta tunkuɗi ƙasa, ƙasa ta mayar da martani daidai gwargwadon tunkuɗar, ƙarfin ya hau ta gwiwa da kwatangwalo, ya ratsa gangar jiki, ya bi ta allon kafaɗa da gwiwar hannu har ya fita ta wuyan hannu. Kowace gaɓa tana kai matuƙar saurinta ne sannan ta rage gudu, ta miƙa wa wadda ta fi ta ƙanƙanta, kamar yadda mariƙin bulala yake tsayawa cak a daidai lokacin da tsininta yake ƙara.

Wani likitan ƙashi ɗan Amurka, Ben Kibler, wanda ya daɗe yana aiki da 'yan tanis, ya ƙiyasta cewa kusan rabin ƙarfin da ke cikin sabis daga ƙafafu da ƙugu da gangar jiki yake fitowa. Lissafinsa da aka fi ambata shi ne, idan abin da ƙugu da gangar jiki suke bayarwa ya ragu da kashi 20 cikin 100, sai kafaɗa ta ƙara saurin juyawarta da kashi 34 cikin 100 kafin ƙwallon ta fita da irin gudun da ta saba. Akwai kuma nazarin da Glenn Fleisig da Bruce Elliott da abokan aikinsu suka yi ta hanyar ɗaukar hoton 'yan tanis a gasar Olamfik ta birnin Sidni a shekarar 2000, inda suka auna cewa kafaɗar namiji tana juyawa ciki da saurin da ya zarce digiri 2000 a sakan ɗaya gab da dukan ƙwallo, kuma waɗanda ba sa lanƙwasa gwiwa sosai a lokacin sabis sun fi ɗora wa kafaɗa da gwiwar hannu nauyi. Saboda haka idan yarinya ta zo da ciwon kafaɗa, wurin da nake fara dubawa shi ne ƙafafunta.

Na koyi wannan ne ta hanyar kuskurena. Shekarun baya an kawo mini wata yarinya 'yar tanis mai irin wannan kukan, na shafe makonni ina ba ta atisayen kafaɗa da igiyar roba a ɗakin gashin ƙashi, ciwon ya lafa, ta koma fili, kafin mako biyu ya dawo. Sai a karo na uku na ga ya kamata in bi ta filin in ga abin da take yi da idona. Tana jefa ƙwallon sama ne can bayan kanta, sai ta gantsare baya domin ta cim mata, gwiwoyinta a miƙe kamar an dasa su, sannan ta janyo raket ɗin da kafaɗa zalla. Hannun hagun da ke jefa ƙwallo shi ne mai laifin, na dama kuwa shi yake biyan tara. Muka ajiye raket a ƙasa gaban ƙafarta ta hagu, kansa yana ɗan shiga cikin fili, ta riƙa jefa ƙwallo tana barinta ta faɗo har ta saba saukar da ita kan igiyoyinsa. Wannan ne ya raba ta da ciwon, ni kuma tun daga ranar ban ƙara yanke hukunci kan kafaɗar ɗan wasa ba sai na gan shi yana wasan.

Akwai abubuwa biyu da zan so ka lura da su a sabis ɗin ɗalibarka bayan jifar ƙwallon. Na farko shi ne tsayin gwiwar hannunta idan aka kwatanta da layin kafaɗunta. Mai kallo daga nesa yana zaton ƙwararren ɗan wasa yana miƙa hannu ne tsaye kusa da kunnensa, alhali kuwa a nazarin Sidni kusurwar da ke tsakanin damtse da gangar jiki ba ta wuce kimanin digiri 100 ba a lokacin duka. Abin da ke kai raket sama shi ne karkatar gangar jiki, kafaɗar hagu ta yi ƙasa, ta dama ta hau bisanta. Wanda bai karkata ba dole ya ɗaga damtsen fiye da kima, kuma a wannan matsayi ne jijiyoyin da ke riƙe da kan ƙashin kafaɗa suke matsuwa a ƙarƙashin ƙashin da ya yi musu rumfa. Na biyu shi ne tsaiko. Tsoka da jijiya suna da ɗabi'ar danƙo, idan aka ja su aka sake nan take sukan mayar da wani ɓangare na ƙarfin da aka sa wajen jan, amma idan aka ja aka tsaya, ƙarfin yakan zurare, kuma tsayawar sakan ɗaya tana iya cinye kusan rabin wannan ribar. Yara da yawa an koya musu su ajiye raket a gadon baya kamar masu susa, su jira ƙwallon ta sauko, sannan su doka. A koyarwar makon farko babu laifi, amma idan ya zama ɗabi'a to an datse sarƙar a tsakiyarta.

Kada kuma ka matsa mata ta yi sabis miƙaƙƙe mai tsananin gudu irin wanda take gani a talabijin, domin ma'aunin filin kansa bai ba ta wannan damar ba. Daga layin baya zuwa raga mita 11.89 ne, daga raga zuwa layin sabis mita 6.40, tsayin raga a tsakiya kuma santimita 91.4. Idan ka ja zare miƙaƙƙe daga layin sabis, ya shafi saman raga, ya wuce zuwa layin baya na ɗaya ɓangaren, zai iso ne a tsayin kimanin mita 2.6. Duk wanda yake dukan ƙwallo a ƙasa da wannan tsayin ba shi da miƙaƙƙiyar hanya zuwa cikin akwatin da dole sabis ya faɗa, tsakanin raga da layin sabis, sai dai ya dogara da nauyin ƙwallon da kuma juyawarta su sauko da ita. Ɗan tanis ɗin Amurka John Isner, wanda ya taɓa yin sabis mai gudun kilomita 253 a awa a gasar kofin Davis ta 2016, tsayinsa ya haura mita biyu, wato a lokacin da yake wasa yana duka ne daga can sama da wannan zaren. Yarinyar da tsayinta bai wuce mita ɗaya da rabi da 'yan kai ba, ribarta tana wajen koyon juya ƙwallo. Ƙwallon da ke juyawa gaba tana karkatar da iskar da ke bin jikinta zuwa sama, iskar kuma ta danna ta ƙasa, abin da ake dangantawa da Bajamushen nan Magnus wanda ya yi bayaninsa a 1852. Wannan ne ya sa a lokacin da yake wasa, zakaran tanis Rafael Nadal, wanda ƙwallonsa take juyawa fiye da sau 3000 a minti, yake iya dukanta da iyakar ƙarfinsa ta haye raga da tazara mai yawa kuma ta faɗo cikin fili. Sai dai ina jan kunne kan sabis ɗin da ake gantsarewa sosai domin ƙwallo ta yi tsalle sama bayan ta faɗi: a jikin matashin da ƙashin bayansa bai gama ƙosawa ba, yawan maimaita shi yana iya jawo tsagewa a ƙasan gadon baya, don haka a jinkirta shi, a kuma ƙayyade yawansa.

Dukan saman raga ɗan'uwan sabis ne, bambancin kawai shi ne mai dukan yana cikin iska, ba shi da ƙasar da zai tunkuɗa a lokacin da yake duka, don haka duk abin da zai samu daga ƙasa sai ya karɓe shi tun a takun da ya kawo shi. Ga mai amfani da hannun dama, taku uku na ƙarshe su ne hagu, dama, hagu. Takun dama shi ne mai tsawo da sauri, ana sauke shi da dunduniya a gaban jiki, ƙugu ya yi ƙasa, hannuwa biyu su tafi baya, sannan ƙafar hagu ta biyo da hanzari ta kafu a ɗan karkace, ta zama birkin da ke juya gudun gaba ya koma tashi sama. Wannan tsarin yana barin kafaɗar dama a baya, ƙirji a buɗe wajen abokin wasan da ke ɗaga masa ƙwallo, ta yadda akwai abin da za a murɗa idan an tashi. Yaron da ya ƙare takunsa da ƙafar dama a gaba ya riga ya rufe ƙugunsa tun yana ƙasa, kuma komai tsayin tsallensa da damtse kaɗai zai doki ƙwallon. Ina kyautata zaton idan ka duba yaranka da kake cewa suna tsalle amma dukansu ba nauyi, za ka sami wasu da wannan juyayyen taku, wasu kuma suna shigewa ƙarƙashin ƙwallo har ta koma bayan kansu. Wurin da ya dace a same ta shi ne sama da kafaɗar da ke duka, ɗan gaba kaɗan, inda mai dukan yake ganin ƙwallon da hannuwan masu tare shi a lokaci guda. Lilon hannuwa daga baya zuwa sama kuwa yana ƙara wa tsalle kimanin kashi ɗaya cikin goma ko fiye, kuma a ragar da tsayinta yake mita 2.43 ga maza, 2.24 ga mata, waɗannan 'yan santimitoci su ne ke raba ƙwallon da ta nutse cikin fili da wadda ta koma hannun masu tarewa.

Maganar gwiwa ita ce ta fi damuna a cikin wasiƙarka, kuma a nan zan ɗan daɗe. Masu horarwa suna ƙirga tsalle a matsayin nasara, ba sa ƙirga sauka, alhali duk tsalle ɗaya sauka ɗaya ce, kuma a lokacin saukar jiki yana karɓar nauyin da ya ninka nauyinsa sau da yawa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Wanda ya sauka a kan yatsu, ya bar idon sawu da gwiwa da ƙugu suka lanƙwashe bi da bi, ya shimfiɗa wannan nauyin a kan lokaci mai ɗan tsawo da gaɓoɓi uku. Wanda ya sauka a sandare, ko da ƙafa ɗaya, ya tara shi wuri guda. Kunnenka ma zai gaya maka: ka tsaya gefen fili ka rufe ido, wanda ka ji ƙafarsa ta ce tim a kan siminti shi ne wanda zai zo maka da ƙorafi nan da 'yan watanni. Ciwon da ya fi yawa shi ne na jijiyar da ta haɗa ƙoƙon gwiwa da ƙashin ƙwauri, kuma yaron yakan nuna wurin da ɗan yatsa ɗaya, daidai ƙasan ƙoƙon. A wani bincike da Roald Bahr da abokan aikinsa suka wallafa a 2005 kan manyan 'yan wasan ƙasar Norwe, kusan kashi 45 cikin 100 na 'yan ƙwallon raga maza suna fama da shi, kuma babu wasan da ya kai nasu a cikin waɗanda aka duba. Abin takaicin shi ne ya fi kama waɗanda suka fi iya tsalle, wato waɗanda mai horarwa ya fi dogara da su, ya kuma fi sa su maimaitawa.

Mu a Kaduna muna da ƙarin matsala, domin in ban da ɗakin wasanni irin na filin Ahmadu Bello, yawancin filayen makarantu siminti ne ko taurarriyar jar ƙasa, kuma an daɗe da sanin cewa ƙasa mai tauri tana ƙara yawan wannan ciwon. Da hunturu kuma ƙura takan kwanta a kan simintin ya yi santsi, yaro ya ji tsoron kafa dogon takun nan na dama, ya gajarta shi, tsallen ya lalace, saukar ma ta zama ta ɗari-ɗari. Tsintsiya da tsumma mai ɗan danshi kafin a fara atisaye suna cikin kayan aikin mai horarwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ka duba takalmansu ma, domin kambas ɗin da tafinsa ya suɗe ba ya riƙe ƙasa, ba ya kuma rage zafin sauka.

Ga yaran nan uku, kada ka hana su wasa gaba ɗaya, domin jijiya ba ta warkewa da zaman banza, takan ƙara rauni ne, ciwon kuma ya dawo ranar da aka koma. Abin da ake yi shi ne a rage yawan tsalle, a raba ranakun tsalle mai yawa da aƙalla kwana guda a tsakani, sannan a ba jijiyar nauyi a hankali. A nan ne ɗaga ƙarfe yake da gurbi, amma na cinya da ɗuwawu da sha-raɓa. Za su iya farawa da jingina baya da bango a yanayin zama ba tare da kujera ba, su riƙe na sakan 30 zuwa 45, su huta, su maimaita sau huɗu ko biyar, daga baya su koma tsuguno da tashi a sannu da kaya a hannu, ko da jarka ce mai ruwa. Ma'aunin shi ne washegari: idan ciwon bai ƙaru da safe ba, nauyin ya yi daidai. Amma ka lura da shekarunsu. Idan yaro yana tsakanin 11 da 15 kuma ciwon yana can ƙasa a kan tudun ƙashin ƙwauri, har wurin ya ɗan kumbura, to wannan na girma ne, jijiya ce take jan ƙashin da bai gama ƙosawa ba, kuma sauƙaƙa masa aiki ya fi komai muhimmanci. Idan kuwa gwiwa ta kumbura cikin 'yan awoyi bayan an ji ta yi ƙara, ko tana sullewa da yaro idan ya juya, wannan ya wuce atisaye, ya wuce gashi da ruwan zafi, ya wuce mai ɗori, sai a kai shi wurin likitan ƙashi. Yawanci irin wannan yana nuna tsinkewar jijiyar da ke gicciye a cikin gwiwa, wadda ta fi samun 'yan mata, musamman masu saukar da gwiwoyinsu ke faɗawa ciki suna neman haɗuwa.

Targaɗen idon sawu shi ne raunin farat ɗaya da ya fi yawa a ƙwallon raga, kuma mafi yawansa a ƙarƙashin raga yake faruwa, inda mai tarewa yake saukowa kan ƙafar mai duka ko ta abokin tarewarsa. Maganinsa yana cikin takun da na bayyana: wanda ya kafa birki da kyau sama yake tashi ya sauko kusa da inda ya tashi, wanda bai kafa ba kuwa gaba yake shawagi har ya ƙetare layin tsakiya. Duk wanda ya taɓa yin targaɗe ya fi kowa haɗarin sake yi, don haka ya riƙa atisayen tsayuwa da ƙafa ɗaya, ido a rufe, na tsawon watanni.

Yanzu ga batun ko za ka iya yin nazarin da kanka. A manyan ɗakunan bincike ana manna wa ɗan wasa ƙananan alamomi masu ƙyalli a gaɓoɓinsa, kyamarori da yawa su kewaye shi, a ƙasa kuma akwai faranti mai auna ƙarfin da ƙafa ta tunkuɗa. Wannan ne kaɗai yake iya faɗin nauyin da ke kan jijiya ko saurin juyawar kafaɗa da lamba. Amma kurakuran da na lissafa maka duka ido yana ganinsu idan an rage gudun hoto, kuma nazarin motsi ta hanyar hoto da haka ya faro, domin a 1878 wani mai ɗaukar hoto mai suna Muybridge ya jera kyamarori a Kalifoniya don kawai a ga ko doki mai sukuwa yana ɗauke ƙafafunsa huɗu daga ƙasa a lokaci guda. Wayar da ke aljihunka ta fi kayan aikinsa nesa ba kusa ba. Abin da za ka duba shi ne yawan hotunan da take ɗauka a sakan. Bidiyo na yau da kullum hoto 30 ne a sakan, kuma ƙwallon da ke gudun kilomita 150 a awa tana cin kusan mita ɗaya da rabi tsakanin hoto da hoto, ga shi kuma haɗuwar ƙwallo da igiyoyin raket ba ta wuce kashi huɗu ko biyar cikin dubu na sakan ba. Ka nemi saitin rage gudu, wanda a wayoyi da yawa yake ba da hoto 120 ko 240.

Ka kafa wayar a kan abin da ba ya motsi, ko da kujera ce da littattafai, a tsayin ƙugun ɗan wasan, ka ja baya sosai, kuma ka sa ta fuskanci motsin kai tsaye. Daga gefe za ka ga tsawon taku da lanƙwasar gwiwa da wurin da hannu ya sami ƙwallo, daga gaba za ka ga ko gwiwoyi suna faɗawa ciki wajen sauka, daga baya kuma za ka ga jifar ƙwallo da karkatar kafaɗu. Kusurwar da aka auna daga hoton da aka ɗauka a karkace ƙarya ce, ko da manhaja ta rubuta ta da lamba mai kyan gani. Ka ɗauka da safe ko da la'asar, rana tana bayanka, domin a wuri mai duhu hannu yakan zama hazo. Idan kana da kwamfuta, akwai manhajar Kinovea, kyauta ce, tana ba ka damar bin hoto ɗaya bayan ɗaya, ka ja layi, ka jera bidiyo biyu gefe da gefe. Kuma da yake ɗalibai ne, har da 'yan mata, ka nemi izinin iyaye da na hukumar makaranta kafin ka ɗauka, bidiyon kuma kada ya bar hannunka.

Tsayin tsalle ma za ka iya auna shi daga bidiyon. Ka ƙirga hotuna daga wanda yatsun ƙafa suka bar ƙasa zuwa wanda suka sake taɓa ta, ka raba da yawan hotunan sakan, ka sami lokacin da yaron ya yi a iska. Ka ninka wannan lokacin da kansa, ka ninka da 9.81, ka raba da 8, abin da ya fito shi ne tsayin a mita. Rabin sakan yana ba da kimanin santimita 31, sakan 0.6 yana ba da 44, sakan 0.7 kuma 60. A hoto 240, kuskuren hoto guda bai kai santimita ɗaya ba, amma a hoto 30 yana kusan santimita biyar, wanda zai iya rufe ci gaban da yaro ya samu a zangon karatu guda. Sharaɗin lissafin shi ne ya sauka da ƙafafu a miƙe kamar yadda ya tashi, sannan ya lanƙwasa bayan ya taɓa ƙasa. Yara suna da wayo, da zarar sun gane abin da ake ƙirgawa za su fara naɗe ƙafa a iska domin su ƙara lokaci. Idan wannan ya yi maka yawa, tsohuwar hanyar Sargent ta 1921 tana nan: yaro ya shafa alli a yatsu, ya taɓa bango a tsaye, ya yi tsalle ya sake taɓawa, ka auna tazarar da tef ɗin tela.

Abin da na fi jin tsoro ga mai horarwar da ya fara ɗaukar bidiyo shi ne ya ga kurakurai goma ya nemi gyara su a yini ɗaya, ko ya ɗora hoton ɗalibinsa kusa da na wani zakaran duniya ya ce sai sun yi kama. Tsawon gaɓoɓi ya bambanta, sassaucin jiki ya bambanta, kuma a cikin zakarun kansu akwai mai janyo ƙafar baya ta haɗu da ta gaba a sabis, akwai mai barinta a inda take, duka kuma suna cin wasa. Ka nemi kuskuren da ya fi kusa da farkon sarƙar ka gyara shi kaɗai, domin sau da yawa na gaba da shi 'ya'yansa ne, sukan ɓace da kansu. Ka kuma ba da umarni da abin da yaro zai iya gani ko ji a waje. Idan ka ce masa ya lanƙwasa gwiwa digiri kaza, zai tsaya yana tunanin gwiwarsa har ƙwallo ta wuce, amma idan ka ce ya sauka yadda ba za ka ji ƙararsa ba, ko ya tunkuɗe ƙasa ta yi nesa da shi, jikinsa zai nemo hanyar. Ka sanar da su tun farko cewa wasansu zai ɗan lalace na makonni kafin ya gyaru, saboda haka kada a fara canza taku ana saura mako biyu gasar makarantu.

Da ni ne a matsayinka, ranar Asabar mai zuwa zan tsaya bayan yarinyar nan a Dandalin Murtala in ɗauki sabis goma, in duba inda ƙwallon take a lokacin da raket ya same ta da kuma yadda gwiwoyinta suke kafin ta tashi. Ranar Litinin kuma zan ɗauki saukar yaran nan uku daga gaba, in ƙirga a takarda yawan tsallen da kowannensu yake yi a atisaye guda, domin ina zaton adadin zai ba ka mamaki. Idan kafaɗar yarinyar tana tashe ta daga barci, ko ka lura tsokar bayan allon kafaɗarta ta dama ta faɗa idan aka kwatanta da ta hagu, kada ka jira sakamakon gyaran jifa, ka gaya wa iyayenta su kai ta a duba ta a sashen gashin ƙashi na asibiti.